Zaginku Ne Albashin Boris Johnson

Cikin mako guda aka yi ta aka gama. Ranar Juma'a, 9 ga Yunin 2023, Boris Johnson ya ajiye kujerarsa ta ɗan majalisar dokokin Birtaniya yana kumfar baki, wai an haɗa masa kotun je-ka-na-yi-ka don a ga bayansa. Ranar Alhamis, 15 ga wata, kwamitin majalisar da ya binciki lamarinsa ya fitar da rahoto: tsohon firaministan ya yaudari majalisa da gangan, kuma ba sau ɗaya ba, a kan shagulgulan da aka riƙa yi a gidan gwamnati na Downing Street lokacin da aka kulle jama'a a gidajensu saboda korona. Kwamitin ya ce da bai riga ya ari ta kare ba, da dakatarwar kwana 90 zai sha. Mutum bakwai ne a kwamitin, huɗu daga ciki 'yan jam'iyyarsa ta Conservative ne. Kashegari, tun mutane ba su gama karanta rahoton ba, jaridar Daily Mail ta yi shela cewa ta samu sabon marubuci wanda zai riƙa cika mata shafi kowace Asabar.

To me mutumin da aka gama tona wa asiri zai fara rubutawa? Kai ka ce zai kare kansa, ko ya nemi gafarar waɗanda ya ɓata wa, ko aƙalla ya taɓo tsadar rayuwar da ke gasa wa talakan ƙasarsa aya a hannu. Ina! Labarin tumbinsa ya kawo. Wai ya lura wani abokin aikinsa a majalisar ministoci ya zabge, ya bincika, aka ce masa wata sabuwar allurar rage ƙiba ce. Shi ma ya samo, ya riƙa tsira wa cikinsa sau ɗaya a mako, da fatan zai daina lallaɓawa wajen firiji da ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na dare yana kwasar cuku da naman alade. Da farko ya ɗan ragu, daga baya allurar ta riƙa tayar masa da zuciya, ya watsar. Shi ke nan. Abin da jarida ta kaɗa wa ganga ke nan, a makon da iyalan mutum sama da dubu 200 da korona ta kashe ke jiran su ji ko akwai ɗigon kunya a fuskarsa.

Masu karatu sun yi ca. Masoyansa suka yi guɗa, gwarzonsu ya dawo fage, kuma ba da su nake ba, don wanda duk abin da ya faru bai sauya masa ra'ayi ba, rubutuna ba zai sauya masa ba. Wasu suka rantse sun daina sayen jaridar har abada. Galibin masu wannan rantsuwa dama ba sa saye, rantsuwar da babu kaffara ce. Amma waɗanda suka fi yawa, suka fi surutu, kuma suka fi ba ni haushi, su ne 'yan dariya. Su ne masu cewa ƙwarya ta bi ƙwarya, maƙaryaci ya samu jaridar da ta dace da shi, a bar su su ƙarata. Su ne masu tafa hannu suna cewa dubi yadda Allah ya yi da shi, jiya yana zama da shugabannin duniya, yau yana ba da labarin cuku a jaridar tsegumi. Suka karanta, suka ƙyalƙyace, suka tura wa abokai don su ma su ƙyalƙyace, kowa ya kwanta da daɗin rai wai an hukunta azzalumi.

Wane hukunci? Ku faɗa mini wane hukunci ne a ba mutum shafi sukutum a ɗaya daga cikin jaridun da suka fi kasuwa a ƙasa, a biya shi kuɗin da rahotanni suka ce ya kai dubban ɗaruruwan fam a shekara, ya faɗi abin da ya ga dama, babu mai katse shi, babu mai cewa malam tsaya, wannan ba haka aka yi ba? In wannan ne hukunci, to kowane ɗan siyasa a duniya zai yi layi a hukunta shi.

Masu ganin ya faɗo ba su san tarihinsa ba ne, ko sun sani sun manta. Johnson bai faɗo cikin jarida ba, gida ya koma. Daga jarida ya fito, kuma da alƙalami ya haƙa hanyar da ta kai shi Downing Street. Aikinsa na jarida na farko a The Times ne, aka kore shi a 1988 saboda ya ƙirƙiri magana ya jingina wa wani masanin tarihi na Jami'ar Oxford, wanda kuma ubansa ne na baftisma. A ƙa'idar aikin jarida wannan laifi ne da ke rufe wa mutum ƙofa har ya mutu. Shi kuwa bai daɗe a zaune ba Daily Telegraph ta ɗauke shi, ta tura shi Brussels a 1989 ya riƙa aiko rahoto kan hukumar Turai. Shekara biyar ya yi a can yana dafa wa Turawan Ingila abin da suke son ci: yau Turai za ta hana su wani soyayyen dankalin leda da suke so, gobe za ta ƙayyade girman kwaroron roba, jibi za a sa nakiya a tarwatsa hedikwatar hukumar. Ginin yana nan tsaye har yau, gyara kawai aka yi masa. Shi da bakinsa ya faɗa a wani shirin rediyon BBC a 2005 cewa ji yake kamar yana jefa duwatsu ta kan katanga yana sauraron ƙarar fashewar gilashi a gidan maƙwabta, can Ingila, kuma hakan na sa shi jin wani irin iko. Ya faɗa yana nishaɗi, masu sauraro suka yi nishaɗi.

Duwatsun nan ba a banza suka faɗi ba. Ƙiyayyar Turai da ya taimaka ya shuka ita ce ta nuna a ƙuri'ar raba gardama ta 23 ga Yunin 2016, inda kashi 52 cikin ɗari suka zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai. Shi ne ya zagaye ƙasa a jar motar safa da aka rubuta wa jiki cewa Birtaniya na aika wa Turai fam miliyan 350 kowane mako, lissafin da hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta ce yaudara ce. Abin da ya fi nuna ko wane ne shi kuwa, kafin ya bayyana ɓangarensa a Fabrairun shekarar, maƙala biyu ya zauna ya rubuta, ɗaya tana cewa a fita, ɗaya tana cewa a zauna. Ya auna, ya ga wadda za ta fi kai shi gaba, ya miƙa ta. Mutumin da makomar ƙasarsa ta zame masa gwajin alƙalami, shi ne ake yi wa dariya wai ya koma rubutu don ya rasa abin yi.

Batun kuɗi ma haka. Yana magajin garin Landan, a 2009, aka tambaye shi game da fam dubu 250 da Telegraph ke biyansa a shekara kan shafin mako-mako, ya ce ai wannan tsabar kaji ce. A 2018 kuɗin ya koma fam dubu 275. Albashin firaminista a zamaninsa bai kai fam dubu 170 ba. Wato mulkin ƙasar ne ma ya jawo masa asara. Bayan ya sauka a Satumban 2022, cikin 'yan watanni ya bayyana wa majalisa kuɗin shiga kusan fam miliyan 5 daga jawabai da kafin alƙalamin littafi. Wannan ne wanda ake tausaya wa cikin raha, ko ake yi wa Allah-ya-ƙara.

Mai karatu na iya cewa, mu ina ruwanmu da rikicin Turawa, can su ƙarata. Da ruwanmu, domin alƙalamin nan ya sha bi ta kanmu. A 1999 ya rubuta cewa matasan ƙasarsa sun zama masu son kuɗi kusan irin na 'yan Najeriya. Haka kawai, al'umma guda ta zame masa ma'aunin kwaɗayi. A 2002, da firaministan lokacin, Tony Blair, zai kawo ziyara Afirka, ya rubuta a Telegraph cewa Sarauniya na son ƙungiyar Commonwealth ne saboda tana samar mata taron 'yan baƙaƙen yara masu kaɗa tuta, ya kuma kira su da wani tsohon sunan wulaƙanci na zamanin bauta. Ya ƙara da cewa mayaƙan Kwango za su washe baki kamar an yanka kankana in sun ga babban Bature ya sauko daga jirgi. A shekarar dai ya rubuta a mujallar Spectator, wadda yake wa edita, cewa matsalar Afirka ba wai Turawa sun taɓa mulkinta ba ne, matsalar ita ce sun daina. Bayan shekara 14 aka naɗa shi ministan harkokin waje. A Agustan 2017 ya sauka Maiduguri yana jajanta wa waɗanda Boko Haram ta raba da gidajensu, manyanmu suka tarbe shi da girmamawa.

Sai ta watan Agustan 2018, wadda har yau in na tuna raina ke ɓaci. Wata guda da barin kujerar minista, ya rubuta cewa matan da ke sa niƙabi sun yi kama da akwatin jefa wasiƙu, sun yi kama da 'yan fashin banki. Masu kare shi kan ce ai maƙalar adawa take yi da dokar Denmark ta hana niƙabi. Gaskiya ne, haka take. Amma wa ya tuna wannan? Ƙungiyar Tell MAMA, mai tattara bayanan cin zarafin Musulmi a Birtaniya, ta ce rahotannin da ta samu sun tashi daga 8 a makon da ya gabata zuwa 38 a makon da ya biyo bayan maƙalar, kuma da yawa daga masu tare mata a titi kalmominsa suke maimaitawa. Shi yana ɗakin karatunsa yana jin daɗin ya ƙirƙiro abin dariya, wata baiwar Allah tana tashar bas da 'ya'yanta wani ƙato na kiranta akwatin wasiƙa. Da 'yan jarida suka yi dafifi a ƙofar gidansa suna neman ya yi bayani, sai ga shi ya fito da gashin nan a hargitse, riƙe da faranti cike da kofunan shayi, yana miƙa wa kowa, yana cewa shi ba abin da zai ce sai dai a sha shayi. Suka karɓa, suka sha, suna dariya. Labarin ranar ya tashi daga matan da aka ci wa mutunci ya koma kan shayi. Shekara guda bayan nan ya zama firaminista.

Dabarar ke nan, kuma ba ta taɓa sauyawa ba. In an kama shi, sai ya ba da abin dariya, a bi dariyar a bar laifin. Labarin cuku da allura shayin nan ne aka sake dafawa. Masu cewa rubutun shirme ne, babu komai a ciki, sun yi zaton sun gano rauninsa, alhali shirmen shi ne aikin. Ana so ranar Asabar a wayi gari ana zancen tumbin Boris maimakon rahoton ranar Alhamis, kuma haka aka yi. Masu wayon da ke masa dariya su suka fi kowa taya shi.

Ga abin da ake so a manta. Ranar 20 ga Mayun 2020, doka ta ce mutum ɗaya tak za ka iya haɗuwa da shi a waje, shi ma da tazara. A ranar babban sakatarensa ya aika wa ma'aikata sama da ɗari goron gayyata zuwa lambun Downing Street, kowa ya zo da giyarsa. Johnson ya halarta, daga baya ya ce shi ya ɗauka taron aiki ne. Daren 16 ga Afrilun 2021 ma'aikatan gidan suka raba dare suna casu, aka aiki wani kanti da akwatin tafiya ya ciko shi da kwalabe, har aka karya lilon ɗan firaministan a lambu. Shi ba ya nan a daren, amma gidansa ne, mutanensa ne, kuma sun san abin da maigida ke lamunta. Da gari ya waye duniya ta ga Sarauniya Elizabeth, tsohuwa mai shekara 94, zaune ita kaɗai a kan benci a cocin Windsor, da baƙin takunkumi a fuska, tana bankwana da mijin da suka yi shekara 73 tare, babu ko jika a gefenta, don doka ta hana. Ita ta bi doka. Dubban talakawa sun bi, sun yi sallama da iyayensu ta waya, wasu ko jana'iza ba su samu zuwa ba. Rahoton Sue Gray, jami'ar gwamnatin da ta binciki shagulgulan, ya kawo labarin amai, da faɗa, da jan giya a bango, da wulaƙanta masu shara da masu gadi. 'Yan sanda suka yanka tara 126, ɗaya ta Johnson ce, fam 50, wanda ya sa ya zama firaminista na farko da aka samu da karya doka yana kan kujera. Kuma ya tsaya gaban majalisa ranar 1 ga Disamban 2021 ya ce an bi ƙa'ida gaba ɗaya.

Wa ya tono wannan? Nan ne masu raina jaridun tsegumi ke ba ni dariya, su da ke ganin laifin duka na ƙaramar takarda ne mai manyan haruffa. Pippa Crerar ce ta fasa ƙwan a ƙarshen Nuwamban 2021, kuma a Daily Mirror take aiki a lokacin, jaridar da ita ma ake kira ta tsegumi. Ita kanta Daily Mail ɗin, a 1997, ta buga hotunan mutum biyar a shafin farko ta kira su makasan Stephen Lawrence, baƙar fatar saurayin da aka kashe a Landan, ta ce in ƙarya take su kai ta kotu. Don haka girman takarda ba shi ne ciwon ba. Ciwon shi ne jaridar da ke da ƙarfin yin irin wancan aiki ta zaɓi ta zama gidan wanka. Ita ce a Nuwamban 2016 ta buga hotunan alƙalai uku ta kira su maƙiyan al'umma don sun ce sai majalisa ta amince kafin a fara shirin ficewa daga Turai. Ita ce da 'yan jam'iyyarsa suka tilasta masa sauka a Yulin 2022 ta fito da kanun kuka tana tambayar wace ɓarna ce suka yi haka. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mail ta san abin da ta saya, don shi ta saya.

Ku kuma dubi wanda ya biya kuɗin sabulu. Allegra Stratton, mai magana da yawunsa, an ga bidiyonta tana raha kan shagalin da ba ta ma halarta ba. Kashegari ta tsaya ƙofar gidanta tana hawaye ta ajiye aiki. Ƙananan ma'aikata suka sha tara, wasu suka rasa aiki. Maigidan ya samu shafi.

Akwai wani kwamiti a lokacin, ACOBA, wanda ƙa'ida ta ce duk tsohon minista ya nemi shawararsa kafin ya karɓi sabon aiki cikin shekara biyu da sauka. Johnson ya sanar da su minti talatin kafin jaridar ta yi shela. Shugaban kwamitin, Eric Pickles, ɗan jam'iyyarsu, ya ce wannan karya ƙa'ida ce ƙarara. Sai me? Sai babu komai. Kwamitin ba shi da ikon cin tara ko hanawa, wasiƙa kawai yake rubutawa. Haka ya yi musu a 2018 da ya koma Telegraph, haka suka rubuta wasiƙa. Wato ranar farko ta sabon aikinsa da karya ƙa'ida ya buɗe ta, a makon da aka same shi da laifin ƙarya kan karya doka, mutane kuma na can suna muhawara kan ko allurar na aiki.

Na san abin da za a ce mini. Ba shi da 'yancin rubutu ne? Yana da shi, kuma ban ce a ƙwace masa alƙalami ba. Za a ce ai tsohon firaminista Churchill ma da jarida ya ci abinci lokacin da ba ya gwamnati, kuma Johnson, wanda ya rubuta littafi guda kan Churchill, ba abin da yake so kamar a yi wannan kwatance. To a yi shi mana har ƙarshe. Churchill ya yi shekarun 1930 yana rubuta abin da masu mulki da masu jarida ba sa son ji, cewa Jamus na tara makamai kuma lallashin Hitler ba zai haifi ɗa mai ido ba, har Evening Standard ta soke shafinsa a 1938 saboda ra'ayinsa ya saɓa wa na mai jaridar. Churchill na da nasa baƙin tarihin a ƙasashen da suka mulka, ba waliyyi ba ne a wurinmu. Amma rubutunsa ya jawo masa asara. Wace asara rubutun Johnson ya taɓa jawo masa tun bayan korar 1988?

Abin da ya sa shafin jarida ya fi masa komai daɗi shi ne babu mai tambaya a cikinsa. Ku tuna yaƙin neman zaɓen Disamban 2019. Wani ɗan jaridar ITV ya nuna masa hoton yaro ɗan shekara huɗu kwance a ƙasa a wani asibitin Leeds saboda babu gado. Ya ƙi kallo, ya karɓe wayar ya zura a aljihunsa, kyamara na ɗauka. Bayan kwana biyu, da masu shirin safe na talabijin suka tare shi a wani kamfanin madara, sai ya shige ƙaton ɗakin sanyi ya ɓuya. Andrew Neil na BBC, wanda ya titsiye sauran shugabannin jam'iyyu ɗaya bayan ɗaya, har aka yi zaɓe bai samu Johnson ya zauna gabansa ba. Mai gudun tambaya irin wannan ka ba shi fili inda shi ne mai tambaya, shi ne mai amsa, shi ne alƙali, sannan ka ce ka wulaƙanta shi?

Yanzu bari in zo kan masu zagi, don su ne ke riƙe da tukunyar. Jarida a wannan zamani ba da takarda kaɗai take ci ba. Shafin Mail na intanet yana cikin waɗanda aka fi shiga a duk duniyar masu jin Turanci, kuma kuɗin talla da yawan masu shiga ake lissafa shi. Na'urar da ke ƙirga ba ta san wanda ya shigo da so ba, ba ta san wanda ya shigo yana tsaki ba. Ɗan kama a kasuwa bai damu ko yabonsa kake ko tsine masa kake ba, muddin ka tsaya ka ƙara wa da'irar faɗi, don taron ne ke jawo mai jefa kuɗi. Duk wanda ya buɗe maƙalar don ya ga iya shirmen, ya tura wa mutum goma da taken ku zo ku ga abin kunya, ya yi wa Mail aikin talla kyauta, ya kuma tabbatar wa editan cewa kuɗinsa bai faɗi a banza ba. Sauran kafafen labarai ma suka bi sahu, kowace Asabar abin da ya rubuta ya zama labari, ana gayyato masana su fassara abin da yake nufi. Ranar Litinin 19 ga Yunin 2023 majalisa ta amince da rahoton kwamitinta da ƙuri'a 354, bakwai kacal suka ƙi, fiye da 'yan Conservative 200 suka sulale ba su kaɗa ba, har da firaministan lokacin, Rishi Sunak. Me suke tsoro? Ba ɗan majalisa ba ne kuma, ba shi da muƙamin da zai raba. Shafin Asabar suke tsoro, da masu karanta shi.

Kada kuma mu nan mu cika baki. A wurinmu ɗan siyasa ba ya ma tsayawa roƙon shafi, jaridar yake kafawa. Azikiwe da West African Pilot a 1937 da Awolowo da Tribune a 1949 sun yi ne don yaƙar mulkin mallaka, wannan daban. Amma daga Concord ta Abiola a 1980 zuwa The Sun ta Orji Kalu, kowa ya san gidan jarida na cikin kayan yaƙin mai neman mulki. Wanda bai kai nan ba yana da sojojin baka a rediyo, yana da Facebook. Sai ka ga wanda ya yi shekara takwas a kujera, ya bar 'yan fansho na mutuwa a layi, ya sauka da wata uku ya dawo yana rubuta doguwar wasiƙa kan yadda ake gyara ƙasa. Mu kuma mu ce kai, mutumin nan ya iya magana, ya faɗa musu gaskiya. Wasu su zage shi tas, su kuma yaɗa rubutun da hannunsu. Ba mai tsayawa ya ce ranka ya daɗe, lokacin da wuƙa da nama ke hannunka me ka yanka?

Abin da nake nema bai da yawa. Editan da ya ba tsohon mai mulki shafi ya tace rubutunsa kamar yadda zai tace na ƙaramin ɗan rahoto, in ya yi ƙarya a cire, in ya taɓo abin da ya faru a zamaninsa a ba waɗanda abin ya shafa fili daidai da nasa. Sauran 'yan jarida su daina mayar da ra'ayinsa labari. Mai karatun da ya ce ya tsane shi kuma ya nuna da yatsansa, ya wuce bai taɓa ba. In ana son jin ta bakinsa, akwai wurin da ya dace, kuma an ga yadda yake a irin wurin. Ranar 6 ga Disamban 2023 aka kira shi gaban hukumar binciken korona ƙarƙashin Baroness Hallett, inda ake rantsuwa, lauya ke tambaya, ba a kuma karɓar shayi a madadin amsa. Tun da duhun asuba ya iso, kusan awa uku kafin a fara, ya shige kafin iyalan mamatan su taru a ƙofa. Saƙonnin WhatsApp kusan dubu biyar na farkon annobar sun ɓace daga wayarsa. Da ya fara ba da haƙuri, mata huɗu suka miƙe da takardu a hannu masu cewa matattu ba sa jin ban-haƙuri, aka fitar da su daga zauren.

Ko wannan ban-haƙurin bai yi shekara ba. A Oktoban 2024 ya fitar da littafin tarihin mulkinsa, inda ya ce kuskuren da ya yi a rikicin shagulgulan shi ne yawan ba da haƙuri, don hakan ya sa mutane suka ɗauka laifin ya fi yadda yake. Kafin littafin ya shiga kanti, jaridar da ta riƙa buga shi kashi-kashi ita ce Daily Mail.